Rijiyoyin da Albarka Ya Kwantar a Filin Guguwa

A Filinge in ka ce Albarka sai a tambaye ka wanne. In ka ce Albarka mai rijiya, ko baƙon da ya kwana biyu zai nuna maka gidan. Dogon mutum ne, ya ɗan ranƙwafa, tafin hannunsa kamar faranti, shekarunsa sun doshi sittin. Abu biyu ya ba rayuwarsa: ginar rijiya da tsokanar 'yan ƙungiyar ƙwallo ta Guguwa.

Ginar rijiya gado ce. Tun bai kai tsayin igiyar guga ba mahaifinsa yake sauke shi cikin rami da ƙwarya, yana miƙo yashi. A wurinsa ya koyi ɗanɗana ƙasa da harshe don ya san ko ruwa ya kusa, a wurinsa kuma ya koyi dokar gidansu: ba a kashe rijiya. In masu ita sun tashi, sai a jera itace a bakinta, a shimfiɗa zana, a tura ƙasa bisa har ta daidaita da fili. Wannan shi suke ce wa kwantar da rijiya, don wata shekarar wahala ana iya dawowa a tashe ta.

Shekarar babban fari, Albarka yana da shekara goma sha bakwai, makiyaya suka gangaro daga wajen Sanam da 'yan shanun da suka rage musu, suka sauka a wani shimfiɗaɗɗen fili yamma da gari. Shi da mahaifinsa suka yi wata uku a can. Rijiya ta ƙafe, su gina wata kusa da ita. Da damina ta dawo makiyaya suka tashi, su kuma suka kwantar da rijiyoyin duka, suka koma gida. Ba a sake bukatarsu ba. Daga baya famfo ya shigo gari, aikin Albarka ya koma yasar rijiyoyin masu garka da fitar da akuya in ta faɗa.

Ƙwallo kuwa, shekara tara ya tsare ragar Damisa, ƙungiyar unguwar kasuwa. Abokiyar gabarsu ita ce Guguwa, ta unguwar lakkol, wato makarantar boko. Fili ɗaya suke wasa a kai, mai ragar bututun ƙarfe, kuma tun da Albarka ya daina tsaron raga bai bar 'yan Guguwa sun sha shayi lafiya ba. In sun ci, alƙalin wasa surukinsu ne. In an ci su, ya kan bi gida gida yana yi musu ta'aziyya da fuskar gaske.

Sai ga labari bara: wani ɗan gari da ke fatauci a Kwatano, tsohon ɗan Guguwa, zai gina wa ƙungiyarsa filin wasa nata na kanta. Aka liƙa hoton a tasha da bakin kasuwa. Ciyawa shar, fitilu huɗu dogaye, katanga fara, da wurin zaman 'yan kallo mai matakala goma da rufin kwano.

Albarka ya tsaya gaban hoton ya daɗe, hannu a baya. Sannan ya tafi gindin dogon yaro inda Sidi tela, shugaban Guguwa, yake ɗinki da 'yan fadarsa.

"Sidi, barka da arziki. Na ga hilinku. Ciyawar nan da wane ruwa za a ba ta? Ko hawayenku za ku tara?"

"Ka dai ji haushi," in ji Sidi, bai ɗaga kai daga keke ba.

"Hitilun hwa? Garin da wuta ke zuwa awa baƙuwa, ta gaishe ka ta tashi?"

"Alhaji ya ce zai sa na rana."

"Alhaji ya ce. Shekara nawa Alhaji bai taka garin ga ba? Wa ya ga kuɗin da idonai? Za a aza tubali ukku, a ɗauki hoto, a aika mishi, shi ke nan awaki sun samu inuwa."

Haka ya yi ta yi wata biyu. Wani abin da ya faɗa yana da ƙamshin gaskiya, don har cikin 'yan Guguwa akwai masu tambayar abin da ya sa ba a nuna wa kowa takardar aikin ba. Wani kuma ƙirƙira ce tsagwaronta, kamar da ya ce simintin da aka sauke garin rogo ne aka rina. Mutane suna dariya, shi ma yana jin daɗin dariyar.

Abin da ya rage masa kaifin baki shi ne wanda aka ba kula da ginin. Abdulgafar ne, ɗan ƙanwarsa A'isa, wanda ya karanta aikin gini a Yamai, ya dawo da difulom ya yi shekara uku yana zaune. Wannan ne aikinsa na farko. Shi zai sa hannu a takarda cewa ƙasar za ta ɗauki ginin, kuma Alhajin ya gindaya cewa in ba a zuba harsashi kafin damina ba, ya janye. A'isa ta zo har gida ta ce, "Yaya, ka yi wa Guguwa abin da kaka so, amma ka cire sunan ɗana cikin bakinka." Ya ce ya ji.

Duk wannan lokaci Albarka bai je wurin ginin ba, don ya rantse ba zai taka ba. Ranar da ya dawo daga yasar wata rijiya a hanyar yamma ne ya hangi turaku da igiyoyi da farar ƙasa an ja layi. Ya tsaya. Ya dubi dutsen da ke gabas, ya dubi gangaren. Gawon da ya sani babu shi, an sare, adduwar ma babu. Amma ƙafarsa ta san wurin. Daidai inda aka ja layin wurin zaman 'yan kallo, nan makiyaya suka sauka shekara arba'in da suka wuce.

Bai je gida ba, ya wuce wajen Abdulgafar.

"Ɗana, akwai rijiyoyi ƙarƙashin wurin nan. Ba cike su munka yi ba, rufewa munka yi da icce. Iccen ya ruɓe yanzu."

Abdulgafar ya ajiye takardun hannunsa. Yaro ne mai ladabi, mai yawan tunani, kuma ya rame tun da aka fara aikin.

"Kawu, na sa an gina ramin gwaji biyu. Ƙasa ce mai ƙarfi."

"Biyu cikin hili awa wanga?"

"Abin da anka ba ni kuɗinsa ke nan. To nawa ne rijiyoyin? Ina suke?"

Albarka ya fara ƙirgawa da yatsu. Tara? Goma sha ɗaya? Alamominsa duka itatuwa ne, kuma an ƙone su a murhu tun tuni.

"Kawu," in ji Abdulgafar a hankali, "makon jiya ka ce simintinmu garin rogo ne. Da wane baki zan je in ce wa Alhaji a tsaida aiki don kai ka ce?"

Wannan maganar ta bi Albarka har gida. Matarsa Mas'uda ta ajiye masa tuwo ya kasa ci. Ya ga mutum ɗari huɗu bisa matakala goma, rabinsu ya san iyayensu, suna tsalle tare in an ci ƙwallo. Ya ga sunan da ke ƙasan takardar. Kuma ya san da bakinsa ya sayar da maganarsa da arha, shekara talatin yana sayarwa, yau da ya zo da ta gaske babu mai saye.

Ya je wa Sidi, Sidi ya ce, "Hassada ta tsufa ta zama rijiya." Albarka ya ɗauki sandar ƙarfe ya yi kwana uku yana caccakar filin cikin rana, bai samu komai ba, don yashin shekaru ya hau bisa fiye da tsayin sandar. Leburori suna kiransa, "Baba, ƙwallon da anka zura muku kake nema?" Ya ci gaba da caccakarsa.

A rana ta huɗu ya tafi ruga wajen Jibo, Bafulatanin da suka san juna tun shekarar farin. Jibo ya saurare shi har ƙarshe yana murza sanda, sannan ya ce shanunsa in sun bi ta filin nan akwai wuraren da tsofaffin ba su takawa, sai su ratse, ƙananan su bi su. Bai taɓa tambayar dalili ba.

"Gobe da sahe ka koro su ta tsakiyar igiyoyin," in ji Albarka.

"Za a kai ni jandarma."

"Ni za a kai. Ka ce ni na buɗe musu hanya."

Da hantsi, ranar da za a fara ginar harsashi, garke ya shigo filin. Igiyoyi suka tsinke, turaku suka kwanta, layin farar ƙasa ya bi kofato. Albarka yana tsaye bisa tulin yashi, idonsa a ƙafafun wata tsohuwar saniya ja da ke gaba. Ta zo wani wuri ta sunkuyar da kai, ta ratse hagu, garken ya rabu biyu ya sake haɗewa. Ta sake yi a gaba, ta sake. Ya sauko ya bi sawu, duk inda ƙasa ta zauna lumui babu kofato ya ajiye dutse. Wuri uku, duka cikin layin wurin zama.

Sidi ya iso a guje, tef ɗin awo a wuya, yana rantsuwa yau sai an kwana a ofishin jandarma. Abdulgafar ya iso bayansa. Ya dubi aikin awon mako guda a tattake, ya dubi kawunsa.

"Shanu, Kawu? Shanu za su karanta mini ƙasa?"

"Ka sa a gina nan. In ba komi, ni da kaina zan kai kaina."

"Ba wanda zan sa."

Abdulgafar ya fizge diga daga hannun wani lebura, ya tsaya kan dutsen farko ya fara sara. Albarka ya ce ya ɗaura igiya a ƙugu, bai ko waiwaya ba. Ya gina har gwiwa, ya gina har cinya, gumi ya jiƙe rigarsa. Ya ɗago zai yi magana, sai aka ji wata ƙara ƙasa ƙasa kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ƙasar ta tafi da shi. Digar ta wuce, an daɗe kafin a ji ta faɗa ruwa. Shi kuwa wani guntun itace da bai gama ruɓewa ba ya tare shi a hammata, kansa da hannu ɗaya kawai ake gani, yashi yana zuba ta gefen wuyansa.

Mutane suka yunƙura za su ruga.

"Kowa shi tsaya inda yake," in ji Albarka, da muryar da yake yi wa masu jan igiya. "Wanda ya matso shi ya kashe shi. Sidi, katakon can, guda biyu, turo su a ƙasa."

Ya kwanta rub da ciki bisa katakon, ya ja jiki kaɗan kaɗan da igiyarsa a baki.

"Ɗana, kada ka shura. Dube ni. Kada ka dubi ƙasa, ba abin gani can, ni na gina ta, na sani."

Ya zura igiyar ta ƙarƙashin hammatar yaron, ya ƙulla da hannu ɗaya, ya jefa ƙarshen baya. Jibo ya kama, leburori suka kama, Sidi ya kama. Albarka yana ba su lokaci, ja, tsaya, ja. Da ƙafafun Abdulgafar suka fito, guntun itacen ya karye ya bi digar.

Ya zauna a ƙasa babu takalmi ɗaya, ya kasa riƙe butar da aka miƙa masa. Albarka ya riƙe masa ita. Babu wanda ya sake ambaton jandarma.

Rijiya goma sha ɗaya aka samu. Abdulgafar ya kira Alhajin da kansa ya ce ba zai sa hannu ba. Alhajin ya yi faɗa, ya kashe waya, ya yi wata biyu ba a ji shi ba, damina ta zo ta wuce bisa tulin yashi. A wata biyun nan Abdulgafar kullum yana garkar da kawunsa ke aiki, yana zaune nesa da bakin rijiya. Har yau in ya taka ƙasa mai laushi sai ya tsaya cak. Albarka bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, bai kuma ce wa Sidi ba, duk da 'yan Damisa sun yi ta zuga shi.

Bayan girbi Alhajin ya aiko da abin da ya aiko, bai kai rabin na hoton ba. Aka mai da wurin zama arewa, bisa tsandauri, matakala huɗu babu rufi. Kafin a zuba harsashi Abdulgafar ya zo da takardar har gida, ya durƙusa.

"Kawu, ba ni sa hannu sai ka taka wurin."

Suka tafi tare, Sidi yana biye. Albarka ya bi layin daga wannan kai zuwa wancan, yana dira sandar ƙarfe, yana tsayawa yana saurare. Ya ɗebi ƙasa ya sa a harshe ya tofar. Ya sake bin layin, ya ƙara bi na uku, don hankalin yaron ya kwanta.

"Nan ba mu gina komi ba," ya ce. "Ko kabarin kaza babu. Sa hannunka."

Abdulgafar ya ɗora takardar bisa gwiwa ya sa hannu.