Ƙarfen Ƙafa da Kujerunsa

Malamin lissafi ne mai ritaya, amma a ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a ba mai ce masa Malam. Ƙarfen Ƙafa suke kiransa, tun da suka zaɓe shi jami'in kula da mambobi. Aikinsa ya tarbi baƙo a bakin ƙofa, ya zaunar da shi kusa da tsohon hannu, ya kuma bi sawun wanda ya daina zuwa. Ba ya gajiya da kira. In ka ƙi ɗaga waya, sai ka gan shi a wurin aikinka.

Duk da haka mutane sai raguwa suke yi. Shugaban ƙungiyar, wani likitan haƙori, shi ya ɗora wa laifin.

"Baba, korar mana mutane kake yi," in ji likitan a gaban kowa. "Ranar zaɓe za mu ga ƙarshen nacin nan."

Malam yana da wata dabara da bai gaya wa kowa ba. Yakan riga kowa isa ɗakin taron da suke haya a saman bene, ya kwashe rabin kujerun ya kai sito, don baƙo ya tarar da ɗaki a cike. A ganinsa, kujerar da ba kowa a kanta ta fi mummunan jawabi korar baƙo.

Ranar zaɓe ma haka ya yi. Sai ga mutanen da ya yi wata da watanni yana damunsu da kira sun zo a rana guda: telan unguwarsu, wasu ma'aikatan jinya, har da surukinsa. Ya ruga sito, ya tarar da kwaɗo. Mai gadi ya kulle, ya tafi da makulli.

Baƙin suka yi cirko-cirko a jikin bango.

"Ina kujerunmu?" likitan ya tambaya daga kan mumbari.

"Suna sito," in ji Malam.

"Da ƙafarsu suka tafi?"

Aka kwashe da dariya. Wata mai kantin magani, wadda ta daɗe tana son muƙamin, ta ce, "Ashe ɓoye kujeru Baba yake yi don a ga ɗaki ya cika, yana kwalliya da mu!"

Malam ya miƙa wa surukinsa tasa kujerar. Surukin ya ce, "Bar shi, Baba, dama sauri nake." Telan ya bi bayansa, sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Da aka zo ɗaga hannu, mai kantin maganin ta lashe. Hannunsa kaɗai ya tashi a nasa ɓangaren.

Mako na gaba ya riga kowa zuwa, kamar yadda ya saba. Sabuwar jami'a ta sa an fito da kujerun gaba ɗaya, an jera su reras. Ya zauna a layin ƙarshe, layuka uku a gabansa ba kowa. Ya ciro wayarsa, ya nemo lambar telan, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar da ita aljihu.