Ƙwaya Uku a Carbin Kakata

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yau ko an tsare ni da bulala ba zan iya kawo su daidai ba. Amma maganar carbin kakata, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar raina ba. Ina aji huɗu a lokacin, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad, inda babana yake da hawasha, wato gonar auduga da dawa da hukuma ta yanka masa a bakin ruwan rani.

Kakar tawa mahaifiyar babana ce. Da ƙafa ta taso daga ƙasar Sakkwato, ita da mijinta, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, yankin da ƙauyenmu yake, suka ce bari su tsaya tsinkar auduga na shekara ɗaya, shekarar nan ta miƙe har ta wuce arba'in. Mijin ya rasu bai ga Makka ba, kuma bai bar mata komai ba sai carbinsa, na baƙin itace, ƙwayoyin sun yi sulɓi don shan hannu. Kafin in yi wayo idonta ya tafi, amma kanta garau yake. Ita ke auna dawar da za a niƙa kullum, mudu ba ya yi mata gardama, kuma daga takun mutum take gane shi. Ni ne mijinta a wasan jika da kaka. Kullum sai ta yi mini gori, wai ta yi asarar aure, ta samu miji ba hawasha ba ko akuya, sai allo da kan kwakwa. Ni ma ba na raga mata, nakan ce in na yi kuɗi zan sake ta in auro mai haƙora.

A makaranta da Larabci ake koya mana komai. A shekarar ne malaminmu na hisabi, wato lissafi, wanda muke kira Ustaz, ya kawo mu kan abin da ya kira awamil, wato lambobin da ke raba wata lamba ba tare da saura ba. Ya ce mu ɗauki sha biyu, za ta jeru layi biyu shida-shida, ko layi uku huɗu-huɗu. Sai mu ci gaba da fasa kowace lamba har mu kai ga waɗanda suka ƙi fasuwa, irin su biyu da uku da biyar da bakwai, waɗanda babu mai raba su sai ɗaya da su kansu. Ya ce mu nemi tsakuwa mu gwada a gida, duk aji ya kwashe da dariya, don shi baƙo ne, bai san ƙasarmu baƙar laka ce ba, sai ka yi yini kana yawo ba ka ga dutse ko ɗaya ba. Rannan ya tashe ni ya ba ni casa'in da tara. Ni da nake ganin kaina zakaran aji, ban ko yi tunani ba na ce ba ta rabuwa, tunda biyu ba ta shiga cikinta. Ya sakar mini ranƙwashi a tsakar ka, ya ce in zo masa da amsa gobe. Ba zafin ranƙwashin ne ya dame ni ba, dariyar 'yan aji ce.

Da na koma gida na tarar da Kaka ta idar da azahar tana jan carbi. Subhanallahi har yatsanta ya kai ga 'yar doguwar ƙwayar nan da ke raba tsakani, wadda muke kira shaida, sannan Alhamdu lillahi har wata shaidar, sannan Allahu akbar. Sai abin ya faɗo mini: ashe amsar tana hannun matata. Casa'in da tara talatin da uku ce sau uku. Da ina da hankali, da na ɗebi gurya a bayan ɗaki, ga ta nan tuli, na yi gwajina da ita. Amma wauta ta ce mini sai dai da ƙwayoyin carbin. Na jira ta kishingiɗa barcin rana, na zare shi daga ƙarƙashin matashinta, na fita bakin gona ƙarƙashin wata bagaruwa.

Da haƙori na warware ƙullin, na tuɓe rigata na shimfiɗa, na zube ƙwayoyin a kai. Layi uku, talatin da uku-uku. Na fasa kowane layi gida uku, ya ba ni layi tara, sha ɗaya-ɗaya. Na juya sha ɗaya ta kowane gefe ta ƙi. Uku sau uku sau sha ɗaya ke nan. Daɗi ya kama ni har na yi tsalle, ƙafata ta fizgi rigar, ƙwayoyi suka watse. Wanda ya san Jazira da rani ya san yadda ƙasa ke tsagewa, rami mai zurfin da zai haɗiye hannun babba. Na tsince su, na ƙirga, casa'in da bakwai. Na sake ƙirgawa, casa'in da bakwai. Na tona tsagar nan da kara har farcena ya yi jini, biyun nan sun tafi.

A nan ne karatun da na koya ya zama mini makamin ɓarna. Na zauna ina neman yadda zan raba casa'in da bakwai. Biyu ta bar saura ɗaya, uku ma ɗaya, biyar ta bar biyu, bakwai ta bar shida. Lamba ce mai taurin kai, irin waɗanda Ustaz ya ce ba sa fasuwa. Na ce a raina in na sa wani kashi ya fi wani, yatsan Kaka zai ji bambanci. Amma in na cire ɗaya, casa'in da shida za ta rabu talatin da biyu-biyu, duk su zo daidai, ba wanda zai tona asirin ɗan'uwansa. Haka na yi. Na jefa ƙwaya ɗaya a aljihu, na shirya sauran, na tsuke zaren, na mayar mata tun ba ta farka ba. Washegari Ustaz ya yaba mini a gaban aji, na zauna ina hura hanci.

Kwana uku ina lura da ita ta wutsiyar ido. Takan kai ga shaida sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake farawa. Shekara da shekaru bakinta da yatsanta suna isa tare, yanzu yatsan yana riga bakin. A rana ta huɗu bayan la'asar ta kira ni.

"Mijina, zaka nan. Kai ad da hisabi. Ƙidaya min carbin ga, ka hwaɗa min nawa-nawa na."

Na karɓa, na yi kamar ina ƙirgawa, ƙwayar tana aljihuna ina jin ta a cinya. Na ce, "Talatin da uku-uku ne, Kaka."

Ta miƙo hannu ta karɓi carbin. Sannan ta ce, "Halas, shi ke nan. Kai ka yi madarasa, ba ka ɓata ƙidaya. Ashe kaina na yah hwara tahiya."

Ban taɓa jin murya ta mutu kamar tata a ranar ba. Washegari ta miƙa wa innata mudu, ta ce ta riƙa auna dawar da kanta, kada ta jawo wa gida asara. Ta daina jero mana sunayen garuruwan da suka ratsa a hanyarsu ta zuwa, wai tana tsoron ta sa na gaba a baya. Sai ta yi salla ta tambaye ni ko raka'a huɗu ta yi. Gorin miji marar akuya ma ya ɗauke. Babana ya ce tsufa ne, kowa ya yarda, ni kaɗai na san tsufan nan a aljihuna yake. Na daina ko kallon carbin, in ta ɗauko shi sai in tsiri aike. Kullum ina cewa zan faɗa mata, sai in ce bari a gama jarrabawa, aka gama, na ce bari sakamako ya fito. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ba na dukan babana kaɗai ba, har da kada ta daina ganina mai ilimi.

Na ci jarrabawar, aka ba ni makarantar kwana a birni. Ranar tafiya, da farkon damina, na durƙusa gabanta in yi sallama. Na lura ta ɗan warware a 'yan kwanakin, har ta tsokane ni da cewa kada in auro 'yar birni in manta da ita. Ta kama hannuna ta riƙe ya fi na kullum daɗewa.

"Ba ka da wata magana da za ka hwaɗa min kahin ka tahi?"

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai direban lori ya danna oda a bakin hanya. Na ce babu, sai dai ta yi mini addu'a. Ta yi mini, mai tsawo, ta sake ni.

Zazzaɓin damina ne ya ɗauke ta, wata biyu da tafiyata. Hanyoyi sun zama taɓo, mota ba ta shiga ba ta fita, labari bai iso ni ba sai da aka yi sadakar bakwai. Da na samu isowa gida, innata ta ja ni ɗaki ta ba ni carbin, ta ce Kaka ta yi wasiyya a ba mijinta. Na karɓa na fara jansa. Sai na ji wani abu a ƙarƙashin yatsana. A ƙarshen kowane kashi akwai ƙullin farin zaren auduga, an naɗa shi an ƙulle har ya kai girman ƙwaya. Ƙulli uku.

Innata ta ba ni labari. Kimanin wata guda kafin in tafi, Kaka ta kasa haƙuri ta sa ta ta ƙirga mata, aka samu talatin da biyu-biyu. Ta ce Kaka ta yi kuka, sannan ta yi dariya, tana ta hamdala cewa ashe kanta lafiya lau. Innata ta tashi za ta gaya wa babana, Kaka ta riƙe mata zane, ta ce, "Ki bar min mijina. Tsoro na yaj ji. Da bakinai za shi zaka ya hwaɗa min, ina jira nai." Ta karɓi zare ta yi ƙulle-ƙullenta da lalube, kuma ba ta karɓi mudun ba, don kada in gane an gano ni in ji kunya a gaban mutane.

Na fita bakin gona, wurin bagaruwar nan. Ruwa ya rufe tsagogin, ƙasa ta haɗe, ko alamar wurin babu. Na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, kuma babu wanda zan faɗa wa maganar da ya kamata ya ji ta.

Daga baya ni ma na zama malamin hisabi, na koyar a Damazin har na yi furfura. Duk shekara sai na zo kan darasin awamil, in sa yara su jera wake layi-layi, kuma duk shekara in na rubuta casa'in da tara a allo sai Kaka ta faɗo mini a rai. Ɗalibaina sun san ni da faɗa, amma ban taɓa dukan yaro don ya ce ya yi kuskure ba, wanda ya ɓoye ne muke ɓatawa da shi. Ƙwayar nan tana nan a wurina, ban mayar da ita ba, don ban ga ina da ikon kwance ƙullin da ta yi ba. Da carbin nake tasbihi har yau, kuma sau uku bayan kowace salla yatsana yana taɓa zaren.

Abin da na koya shi ne, in wanda ya yarda da kai ya miƙo maka abu ya ce duba mini, amanar hankalinsa ya ba ka, kuma ƙaryar da za ka yi masa a nan ta fi satar ƙwaya uku muni. In kuwa ka riga ka yi, ka je ka faɗa yau. Ni na ce sai bayan jarrabawa, ita kuma ta zauna tana jirana da amsar a hannunta, har ta tafi ban zo ba.