Yashin Suyar Gyaɗa

Ranar Asabar ta farko a dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu, ina tsaye kan kujera a falonmu na unguwar University Heights da ke New York, hannuna tsundum cikin ruwan gishiri, murna kamar ta kashe ni. Ranar ce Baba ya fara yarda in riƙe bututun wanke yashin tankin kifinsa. Tankin nan shi ne abin taƙamarsa: gilashi mai tsawon tebur, da murjanin teku mai rai, da kifaye masu launin atamfar Sallah, ga farin yashi shimfiɗe a ƙasa. Ƙanwata Hafsa tana durƙushe, ta riƙe bakin tiyo a cikin bokiti. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba da ta zo mana daga Kano, tana kan darduma tana kallonmu tana taɓe baki.

Aikin yana da dokoki, kuma Baba ba ya gajiya da maimaita su. Sama-sama ake bi, kada a tona can ƙasa, don akwai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke kwance a wurin, in ya taso sai ya hallaka kifi. Ɓangare ɗaya ake wankewa kowane mako. In ka kafa bututun, yashi zai tashi yana rawa a ciki, sai mai riƙe da tiyo ya matse shi da yatsa, yashin ya koma ƙasa, dauɗar kaɗai ta wuce bokiti. Akwai wani ɗan kifi da yake kwasar yashi a baki ya fesar ta gefen wuya, Kaka ta raɗa masa Mai Tankaɗe, ta ce duk gidan shi kaɗai ya san aikin yi.

Kaka ba ta son New York, kuma ba ta ɓoyewa. Ta ce mutane sun rataye kansu a sama kamar tsuntsaye, daga lifta sai mota, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Kullum da safe sai ta tambayi Baba zancen tikitinta. Mu kuwa mun riga mun mutu a kanta. Ita ce muke tararwa in mun dawo makaranta, ita ke kirana Maigida tana ƙorafin ban ba da cefane ba, in na amsa da Turanci ta ce ta auri Bature ba ta sani ba.

A ranar, da yake mu sababbin hannu ne, yashi mai ɗan dama ya zube a bokiti. Baba ya ɗauka zai zubar, Kaka ta dakatar da shi. Ta wanke yashin tas, ta shanya a faranti bakin taga, ta juye a gwangwanin madara, sannan ta ce, "Ranar da yashin nan ya isa suyar gyaɗa, in soya muku irin ta gida, in kama hanyata."

Ni da Hafsa muka dubi juna. Daga ranar babu wanda ya kai mu iya wanke yashi. Tun asuba muke tashi ran Asabar muna tsalle, mu haɗa ruwan gishiri, mu jera bokitai. Ni ina bututu, ita tana tiyo, da na ga yashi ya doshi sama sai in yi gyaran murya ta matse. In wasu ƙwayoyi sun kuɓuce, cokali muke sawa mu mayar kafin Kaka ta idar da walaha. Baba har waya yake yi wa abokansa yana cewa yaransa sun gaje shi. Gwangwani kuwa ya tsaya cak, ko rabi bai kai ba.

Da ganye ya fara zuba, wani jan gansakuka ya mamaye kusurwa guda, Baba ya ce dole a zuƙe yashin wurin a sa sabo. Muka yi roƙo, muka yi rantsuwar za mu goge shi, bai gane abin da ke damunmu ba. Rabin bokiti ya fito. Kaka ta yi ta wanke shi har gishirin ya fita, ta aiki Umma Harlem ta sayo ɗanyar gyaɗa. Ranar suyar gidan ya kacame. Yashi ya yi zafi a tukunya, gyaɗa tana ƙara, Kaka tana juyawa da ludayi tana waƙa, ƙararrawar gobara ta ji hayaƙi ta ɗauki ihu, Baba ya hau kujera yana yi wa ƙararrawar fifita da tawul. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta biyo ƙamshi da kwanonta. Ban taɓa cin gyaɗa mai daɗin wannan ba, ina ci ina dariya, hawaye na zuba, don na san abin da ke biye.

Kaka ta dube ni ta ce, "Maigida, kukan me kake? Ai na daɗe ina ganin cokalin nan." Ta nuna babbar tukunyar da Umma ke dafa abincin suna, ta ce, "Waccan nake nufi. Wannan yashin bai isa ba."

Sai da ta ga dusar ƙanƙara, ta zage ta son ranta, ta kuma ganin ta wata shekarar, kafin ta koma Kano, inda ƙasar da take kewa ta karɓe ta daga baya.

Yanzu ina da nawa tankin a gidana na unguwar St. George, da na'urorin da Baba bai taɓa mafarkinsu ba, gyaɗa kuma a leda muke saye. Ran Asabar 'yata ce ke riƙe min tiyo, tana mamakin yadda nake gyaran murya tun yashi bai kai rabin bututu ba. Har yau ba na yarda ko ƙwaya ɗaya ta faɗa bokiti.