Baƙin Gam a Gwangwanin Kifi

Na'urar wasan ta girme ni da shekara biyu. A kasuwar Karmo na saye ta, cikin tarkacen gwanjo. Ba don in yi wasa ba ne. Ina rubuta ƙananan wasanni a kwamfuta, kuma ina son in gan su suna motsi a tsohuwar na'ura ta gaske. Abin da na rasa shi ne adafta, wato 'yar gadar da za ta ɗauki abin da na rubuta daga kwamfuta ta zuba shi cikin na'urar, harafi bayan harafi. Wutar kwamfuta ta fi ƙarfin na'urar. Idan aka haɗa su kai tsaye, sai ta ƙone.

Wani mai gyaran rediyo a bayan kasuwar ne ya haɗa mini ita. Mutumin Filato ne, ya haura hamsin, kowa Injiniya yake ce masa. Sati uku ya yi. Ya miƙo mini gwangwanin kifi da waya ta fito ta kowane gefe, cikinsa cike da baƙin gam da ya daskare kamar dutse.

"Me ya sa ka rufe?" na tambaye shi.

"Oga, kai kana da takardar makaranta. Ni wannan gam shi ne takarda na."

Haka masu gyara suke yi. Su kankare lambar da ke jikin aisi, 'yar baƙar ƙwayar nan mai ƙafafu, sannan su binne aikin, don kada na gaba ya kwaikwaya. Adaftar ta yi aiki tun gwajin farko.

Muna da taro duk Asabar ɗin ƙarshen wata a wani lambu a unguwar Gudu, mu masu wannan sha'awar. Da na nuna wasana, wata mata mai makarantar koyon kwamfuta ta ce tana son irin adaftar ga kowane tebur a ajinta, kuma tana son ganin wanda ya yi ta. Na gaya wa Injiniya. A lokacin an riga an shafa jan fenti a jikin rumfarsa, za a rushe layin. Ya ce idan aikin ya samu, zai kama shago a cikin gari.

Ni kuwa gam ɗin ne ya tsaya mini a rai. Ba na son amfani da abin da ban san cikinsa ba. Ranar Lahadi da rana na dafa gwangwanin a ruwan zafi, na bi shi da reza har gam ɗin ya ɓare. Aisi ɗaya ce, irin wadda ake samu ko'ina, na gane ta da ƙirga ƙafafunta. Sai ƙananan kayan tsohuwar rediyo guda biyar, da guntun robar silifa da ya tokare su. Na ɗauki hoto.

Ranar taro na gaba Injiniya ya zo da rigarsa ta coci, a goge. Ya zauna a layin gaba, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na gabatar da shi, aka tafa masa. Sannan na haska hoton a majigi.

Robar silifar aka fara gani.

"Injiniya, ƙafar dama ce ko ta hagu?" in ji wani daga baya. "Mu san wadda za mu sayo."

Aka yi dariya, har da matar. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da sanda, na faɗi lambar da ya kankare, na maimaita ta don masu rubutawa. Minti shida bayanin ya ɗauka. Kafin a tashi, wani ya ce zai zana allon da za a jera kayan a kai a kwamfuta, a bugo shi daga ƙasar waje, mai tsabta, ba gwangwani. Matar ta karɓi lambar wayar mutumin. Ta gaishe da Injiniya cikin ladabi, ta wuce.

Na rage wa Injiniya hanya zuwa inda ake hawa motar Karmo. Da na tsaya, ya juyo ya dube ni.

"Oga, da ruwan zafi ka cire?"

Na ce e.

"Da ka tambaye ni, da na ce ka sa fetur. Ya fi sauri."

Ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali.

Sababbin adaftocin sun iso bayan wata biyu, koraye, masu kyau. Suna yanke saƙo a tsakiya idan wasan ya yi tsawo. Mun auna komai, ba mu gano dalili ba. Na bi hotona na sake haɗa irin ta Injiniya da hannuna, ita ma haka. Akwai abin da ya yi wanda hoton bai ɗauka ba, ko kuma ya tafi tare da gam ɗin, domin tasa ma ba ta ƙara aiki ba tun ranar da na dafa ta.

Na koma Karmo in tambaye shi. Layin ya zama fili, an tara yashi a inda rumfar take. Wata mai sayar da batir a tsallake ta ce ya koma gida Filato. Ta tambaye ni ko saƙo ne. Na ce a'a, tambaya ce kawai.