Badukun da Ya Ƙi Cewa "Na Yafe"

Rumfar Malam Haruna baduku tana bakin titin Zariya, a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarƙashin wata darbejiya. Yana ɗinka takalman fata da na taya, yana gyara tsofaffi. A cikin abin da ya rataye akwai wasu ƙananan takalma, duka na ƙafar hagu, kowanne da wata igiyar fata da ta tashi daga baki zuwa idon sawu. Duk sun cinye a kan yatsu. Ba na sayarwa ba ne, na 'yarsa Asabe ne.

Ya zo Kano ne a shekarar fari, 1973, daga wani ƙauye kusa da Gumel, shi da matarsa Saratu da Asabe tana goye. Gero ya ƙone a gona, sai ya ɗauko basilla da wuƙar dukancin da ya gada. Mutum ne marar yawan magana. Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin muryarsa sama da ta kowa ba.

A lokacin akwai wani ɗakin shan magani na hukuma tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ɗaki biyu da baranda. Malamin asibiti guda ne, kuma an haɗa masa wasu ƙauyuka, don haka Litinin da Alhamis kawai yake zuwa a kan babur. Sauran ranakun makulli yana hannun Lawan, leburan da aka ɗauka don shara da dafa allurai a kan risho. Lawan bai yi karatun aikin lafiya ba, amma ya daɗe yana kallon yadda ake yi. Mutane kuma ba sa ɗaukar ƙwaya a matsayin magani, sai an tsira musu allura suke yarda an duba su. A hankali suka riƙa kiransa Likita, shi ma ya daina musawa.

Da daminar 1975 zazzaɓi ya kama Asabe wata ranar Asabar. Uban ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta. Lawan ya ƙirgo ƙwayoyi ya miƙa masa.

"Haba Likita, ƙwaya kawai? Taɓa jikinta ka ji. Yi mata allura mana."

"Malam bai zo ba yau."

"To kai ba ga ka ba?"

Lawan ya yi mata a ɗuwawun hagu. Yarinyar ta kwarma ihu irin wanda ba na tsoron allura ba. Zazzaɓi ya sauka, amma da ta tashi tafiya sai ƙafar ta saki, tafin ya riƙa faɗuwa gaba, tana jan yatsu a ƙasa. A babban asibiti cikin birni likita ya ce allurar ta sami jijiya, kuma ba abin da za a iya yi.

Magana ta kai ofishin lafiya. Bayan sati biyu wani jami'i ya zo da mota da ƙullin goro, aka taru a zauren mai unguwa, liman yana nan, Lawan yana rakuɓe a bakin ƙofa. Kowa ya san yadda irin wannan zama yake ƙarewa. Ana yin jaje, liman ya roƙi wanda aka cuta ya yafe, shi kuma ya ce ya yafe duniya da lahira, a shafa fatiha, a raba goro. Daga nan magana ta mutu, wanda ya sake tono ta shi ne abin kunya.

Jami'in ya ce hukuma ta yi baƙin ciki, kuma za a sallami Lawan daga aiki. Liman ya juyo.

"To Malam Haruna, ƙaddara ce ta riga ta faɗa. Sai a yafe."

"Allah gafarta Malam, Lawan na yafe masa duniya da lahira. Ni na matsa masa, kowa ya sani." Sannan ya dubi jami'in. "Ranka ya daɗe, wa ya ba shi makulli?"

"Wannan maganar ofis ce, Malam."

"Ai ofis ɗin nake tambaya. Kun san mai shara ne, kun bar masa ɗaki da allurai a ciki. In hukuma ta ce laifinta ne, ta kawo wanda ya iya aikin ya zauna kullum, yanzu zan yafe. Amma ba wanda ya ce ya yi laifi sai wannan bawan Allah. Me zan yafe mata?"

Mai unguwa ya ce, "Kai Haruna, da hukuma kake ja?"

"Ba ja nake ba, Baba. Tambaya nake."

Ba a shafa fatiha ba. Jami'in ya tashi ya bar goron a kan tabarma, ba wanda ya taɓa.

An sallami Lawan kamar yadda aka faɗa, ya koma ga-ruwa a wajen Daurawa. Ɗakin kuwa ya zama a kulle ban da ranaku biyun nan. Wanda ciwo ya kama ran Juma'a sai ya nemi mota zuwa birni, ko ya jira Litinin. Laifin bai hau kan ofis ba, kan Malam Haruna ya hau. Wasu suka daina kawo masa gyara. Wani direban tifa yakan rage gudu a gaban rumfar ya leƙo ya ce, "Alƙali, yau wa za a ɗaure?" A gida ma Saratu ta gaji da gorin mata a bakin famfo.

"Malam, ka ce ka yafe mana a huta. Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ƙafar nan ba dawowa za ta yi ba."

"Na sani," in ji shi. "Ba don ta dawo ba ne."

Shi ya ƙirƙiro takalmin da igiya, don ta ɗage bakin ƙafar kada yarinyar ta yi ta tuntuɓe. Duk da haka yatsu sukan share ƙasa, fatar ta cinye kafin na dama ya ko canja kama. Duk sanda ɗaya ya mutu, sai ya ɗinka sabo, ya sa tsohon a aljihu, ya hau kekensa zuwa ofishin lafiya. Ba ya ɗaga murya. Yakan zauna a benci har a kira shi, ya ajiye takalmin a kan tebur, ya yi tambayarsa, ya ɗauke abinsa ya fito. Masinjoji sun san shi, har sukan ce, "Mai makulli ya iso."

Jami'in farko an yi masa canjin wurin aiki. Na biyu ya ce abin ya faru kafin zuwansa. Da aka sauya tsarin ƙananan hukumomi a 1976, na uku ya ce wancan ofishin ma babu shi yanzu, ba zai iya ɗaukar laifin abin da aka rushe ba.

A farkon bana, 1978, aka turo wata malamar asibiti mai suna Clementina, ta zauna a ɗakin kullum, makulli a jakarta. Ranar da ba ta nan, ba allura. Ba wanda ya ce saboda Malam Haruna aka yi. Waɗanda suka yi masa gori su ne a gaban layi, wasunsu har suna ƙorafin wai ƙwaya ta fi bayarwa.

Bayan sallar la'asar wata rana liman ya tsaya a rumfar.

"To ga abin da kake nema an kawo. Saura me? Ka faɗi kalmar nan ka sauke wa kanka nauyi. Shekara nawa ke nan?"

"Allah gafarta Malam, rabi aka kawo, na kuma gode wa Allah. Tun ranar nan a shirye nake. Wanda zan faɗa wa ne bai zo ba."

Liman ya girgiza kai ya wuce.

Asabe ta shiga aji ɗaya a firamare. Tana tafiya da ƙawayenta, sai dai ita ce kullum a baya. Ran nan ta dawo daga islamiyya ta zauna a kan kututturen da ke gaban rumfar, ta miƙa wa ubanta ƙafar hagu ba tare da an ce mata ba. Ya cire takalmin, ya duba inda ya cinye, ya sa shi a aljihun rigarsa. Sannan ya ɗora tafin ƙafar a kan sabuwar fata, ya zagaya shi da bakin basilla.

"Baba, gobe ma za ka je ofis ɗin?"

"Zan je."