Ranar da na hana a gaya wa mota inda za mu

Tun da maigidana ya rasu ban ga yayarsa ba. Tana Anka, idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, ko gaisuwa ba ta samu zuwa ba. Ni kuma ina Gummi, kullum na tuna ita kaɗai ta rage a ɗakinsu sai hawaye. Tsorona kada ta bi shi ban riƙe hannunta ba.

Da damina ɗana ya zo daga birni da wata mota wadda ba ta shan mai. Caji ake yi mata kamar waya, kuma ba ta da ƙugi, sai dai ka ga ta sulale. Ya ce zai kai ni. Muna shiga ya kai yatsa kan wani gilashi da ke gabansa.

Na ce, "Mi za ka yi?"

"Inna, zan gaya mata Anka za mu."

Na buge hannunsa. A shekarun nan, saboda mutanen daji, ko maƙwabci ba a gaya wa inda za a, sai an dawo. Balle abin da aka ce har magana yake yi.

Ya yi dariya. "Inna, in ba ta san hanya ba, da tafiyar jiya take lissafi, kwalta mai santsi. In ta sani, sai ta auna hawa da gangara ta faɗi gaskiyar abin da zai rage."

"Yanzu mi ta ce?"

"Ta ce akwai wuta har da rara."

"To ka gani. Ja mu tafi."

Jin akwai rara ya sa na ce mu ratsa Bukkuyum, don ba a wuce dangi ba gaisuwa. Ruwa ya ɓata hanyar, ga taɓo, ga hawa, ni kuma na sa ya ƙure sanyi ina ta jin daɗi. Muna fitowa na ga yana satar kallon gilashin.

"Inna, rarar taki ta narke. Ki bari in gaya mata."

Na ce ya gaya mata, amma a hankali. Sai ga muryar wata mace tana Turanci. Ya ce wai za mu kai, amma da ƙyar, in an kashe sanyi an rage gudu. Haka muka yi ta rarrafe muna gumi, har wani mai babur ɗauke da buhun wake ya wuce mu yana tambaya ko a tura.

Muka isa ƙofar gidan, mota na haki ba murya. Yayar ta shafa fuskata ta ce, "Amarya, ke ce?" Shekara da shekaru ba wanda ya kira ni haka. Muka rungume juna muka yi kukanmu har ya ishe mu.

Niyyar ɗana mu juya a ranar. Amma wutar garin ba ta zama, sai aka ja waya daga sola ɗin wani maƙwabci, mota na tsotsa kaɗan kaɗan kamar jinjiri. Kwanaki muka yi. Shi yana ta zagayen mota, mu muna kan tabarma, tana ba ni labarin yadda ƙanenta ya taɓa gudu daga kaciya ya ɓuya cikin rumbu, abin da bai taɓa gaya mini ba, Allah ya jiƙansa.