Kujerar Bayan Tasin Kakanmu

A gidanmu na Umdurman, kakarmu Habboba ba ta ba da tatsuniya a kan tabarma. A kan kujerar mota take zama. Kujerar baya ce ta tasin kakanmu, wata rawayar mota da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙawa tsakanin Umdurman da Khartum. Da ya rasu aka sayar da motar, amma Habboba ta kafe sai an ciro mata kujerar, wai a kanta aka kai ta asibiti haihuwar Baba. Aka jingina ta da bangon tsakar gida, har ta yi rami a gefen dama daidai mazauninta.

Ana idar da magariba sai ta jawo murhun gawayi ta hau soya kofi. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ban so wani lokaci a yarintata kamar wannan ba. "Ga wata nan ta tsallako kogi," in ji ta in za ta fara tatsuniya, "ƙafarta duk laka." Mu ce ta shigo mu wanke mata.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta jakin alhaji. Wai wani mutum ya taso daga ƙasar Hausa za shi Makka, da ya iso bakin Nilu ya sayar da jakinsa ya yi gaba, bai dawo ba. Ɗansa ya girma ya biyo sawu, ya ce ko jakin ya gani zai ji sanyi. Na taɓa tambaya ko jaki yana daɗewa haka, ta ce jakin tatsuniya ne, in rufe mata baki. Yaro dai ya shiga kasuwar dabbobi yana faɗa wa kowa: kunnen hagu a tsage, ƙafar gaba fara, tabon igiya a wuya. Wani dillali ya saurara da kyau, ya ce ya dawo kasuwa mai zuwa. Da ya dawo sai ga jaki, komai a wurinsa. Ya rungume shi yana kuka, ya biya. Suna shiga ruwa za su haye, ƙafar ta wanke. Ashe farar ƙasa ce.

Mukan yi ta tsine wa dillalin. Habboba ta kurɓi kofinta ta ce, "Dillali ɓarawo ne, ba shakka. Amma wa ya ba shi kunnen da ƙafar? Yaron ne ya kai masa labari kyauta, ya dawo ya saya da tsada."

Habboba ta daɗe da rasuwa lokacin da Baba ya ajiye aiki ya faɗa cikin masu son tsofaffin motoci, waɗanda ke gyara su su fito da su bakin kogi ranar Juma'a. Ya sa a ransa sai ya nemo tasin mahaifinsa. Ba garejin da bai shiga ba a Alshajara, kuma Baba in ya fara labari ba ya rage komai: lotsawar ƙofar hagu inda keken jaki ya taɓa buga ta, ƙusar da ake rataya carbi a gefen madubi. Rannan wani usta, mai gareji, ya kira ya ce an same ta, har ya gyara. Kuɗin da ya yanka ba za su fito ba sai an sayar da gonar Aljirif, kuma ita kaɗai Baba ya mallaka. Ya riga ya yi magana da mai saye.

Ni na raka shi. Mota tana ta ƙyalli, lotsawa a ƙofar hagu, ƙusa a gefen madubi. Baba ya dafa ƙofar, na ga idonsa ya cika. Tausayinsa ya kama ni, kuma tsoro ya kama ni, don ƙanshin kofin Habboba nake ji a hancina.

Na ce, "Usta, kujerun fa? An canja?"

Ya dafa ƙirji. "Wallahi ya ustaza, ko zare ba a taɓa ba. Kujerar bayan nan, a kanta marigayi ya ɗauki fasinjansa na farko."

Baba ya cire hannu daga ƙofar a hankali. Ya leƙa bayan motar, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa. "Ya usta," in ji shi, "ashe tasin babana kujerar baya biyu gare ta." Zancen kujerar tsakar gida kaɗai ne bai taɓa faɗa a gareji ba, don kullum yana ganinta har ya daina ganinta.

Gona tana nan, muna cin kuɓewarta. Ni kuwa tun daga ranar, duk wanda ya kawo min abin da ya yi daidai da muradina fiye da kima, nakan fara tambayar kaina wa na ba labari. Da yammar nan da muka dawo, Baba ya sa aka hura gawayi, ya zauna a kan kujerar. Gefen hagu ya zauna, ya bar wa Habboba raminta.